GUDU A RAIRAYI DA GUDU A FAKO: WANNE YA FI CIN ƘARFI?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ya san ƙasa iri uku da tafin ƙafarsa, ba sai an gaya masa ba. Akwai jigawa, inda mu ke shuka gero da wake, rairayi ne mai taushi wanda ƙafa ke nutsewa ciki. Akwai fako da marmara, masu tauri kamar daɓe. Akwai kuma lakar fadama, wadda ta kan bushe ta tsattsage da rani, ta zama taɓo da damina. Sa'an nan ga ta huɗu ta zo mana, watau kwalta. Mutumin Cheberu da ya nufi kasuwar Jega ko Birnin Kebbi ya kan taka biyu ko uku daga cikinsu kafin ya isa.

Samarin ƙungiyoyinmu ne suka ta da wannan magana. Waɗansu suna shirin zuwa wurin ɗaukar soja ko ɗan sanda, inda a kan gwada mutum da gudu. Waɗansu 'yan makaranta ne masu shiga tsere, waɗansu kuwa 'yan ƙwallo. Wani ya ce a bi kwalta, gama nan ne a ke sauri. Wani ya ce a'a, rairayi ne ke ba da ƙarfi. Kowannensu yana da tasa gaskiyar. Amma maganar ba ta samari kaɗai ba ce. Abin da rairayi ke yi wa mai gudu, shi ya ke yi wa mai zuwa gona, da mace mai ɗauke da tulu, da bijimin da ke jan amalanke.

Abin Da Aka Auna

Masana sun daɗe da samun hanyar auna ƙarfin da jiki ke ƙonewa. Su kan sa wa mutum wani abu a baki da hanci, su auna yawan iskar da ya shaƙa ya yi amfani da ita. Kamar murhu ne: yawan iskar da wuta ta ci, shi ke nuna yawan itacen da ya ƙone.

A shekarar 1998 waɗansu malamai uku na Jami'ar Louvain ta ƙasar Beljiyam, Lejeune da Willems da Heglund, suka shimfiɗa busasshen rairayi, suka sa mutane tafiya da gudu a kansa, sa'an nan suka sa su yin haka a ƙasa mai tauri. Ga abin da suka samu. Mai gudu a rairayi yana ƙone ƙarfi ninki 1.6 na wanda zai ƙone a ƙasa mai tauri. Watau in gudun fako ya ci masa kashi 10, na rairayi zai ci 16. Mai tafiya kuwa, nasa ya fi muni: ninki 2.1 zuwa 2.7. Kafin su, a 1992, Zamparo da abokan aikinsa a Italiya sun yi irin wannan awo a bakin teku, suka sami ninki 1.8 ga mai tafiya, da 1.2 ga mai gudu. Lissafin biyu bai zo daidai ba, domin rairayi ma suna ya tara. Akwai mai zurfi, akwai marar zurfi, akwai busasshe, akwai mai laima. Amma dukansu sun yarda a kan abu guda, shi ne kuwa abin da ya kamata manomi ya riƙe: rairayi ya fi cutar mai tafiya a kan mai gudu.

Ina Ƙarfin Ke Tafiya?

Ku taɓa bayan dunduniyarku, za ku ji wata jijiya mai kauri da ta hau zuwa sha-raɓa. Ita ce agara. Mahauta sun san ta sarai. Wannan jijiya aikin danƙo ta ke yi. Sa'ad da mai gudu ya dira ƙafarsa, nauyinsa ya kan ja ta ta miƙe, in ya zo ɗaga ƙafar kuma sai ta koma da ƙarfi ta cilla shi gaba. Haka kuma tafin ƙafa. Ba shimfiɗe ya ke ba, a lanƙwashe ya ke kamar baka, da wata jijiya a ƙarƙashi kamar tsirkiya. In an taka sai bakan ya buɗe, in an ɗaga ya koma. A 1987 masanan Jami'ar Leeds a Ingila suka lissafta cewa agara tana ajiye wajen kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku ta mayar wa mai gudu, bakan tafin ƙafa kuma wajen kashi 17. Ashe kusan rabin aikin ba tsoka ke yinsa ba, kyauta jiki ke samunsa.

To, amma kyautar nan tana da sharaɗi. Dole ƙasa ta tsaya cik a ƙarƙashin ƙafa. Ku ɗauki ƙwallo ku buga shi a kan daɓe, zai yi tsalle ya dawo hannu. Ku buga shi a tsakiyar burtali mai rairayi, sai ya yi ɗif ya zauna. Haka ƙafa ta ke. A rairayi, ƙarfin da ya kamata ya shiga agara ya dawo, sai ya tafi wajen ture ƙasa gefe da gefe. Sawun da mutum ya bari a baya, rami ne ya haƙa da ƙafarsa, ba wanda zai biya shi ladan haƙar kuwa.

Akwai hasara ta biyu. Lokacin da mutum ya dogara da yatsunsa zai tura jikinsa gaba, rairayin ya kan zame baya, takun ya gajarce. Ta uku kuma, da ya ke ƙasar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tsokokin idon sawu da na cinya da na ƙugu duk sai sun yi ta aiki don kada mutum ya karkace. A fako yawancinsu hutawa su ke yi.

Mai tafiya kuwa, dabararsa dabam ce. Ba ya tsalle. Jikinsa ya kan hau bisa ƙafa ɗaya miƙaƙƙiya, sa'an nan ya gangaro gaba, gangarowar nan ce ke ɗaga shi zuwa taku na gaba, kamar lilo. A ƙasa mai tauri wannan lilo yana rage masa fiye da rabin aiki, shi ya sa tafiya ta ke da arha ƙwarai. A rairayi ƙafar da zai hau kanta tana nutsewa, wadda zai tura da ita tana zamewa. Abin da ya ke mai arha shi ya fi nuna tsada in farashi ya tashi.

Mu Mai Da Shi Gero

Bari mu yi lissafi irin na makaranta. Mutum mai nauyin kilo 60, in yana tafiya a ƙasa mai tauri, ya kan ƙone wajen rabin kalori a kan kowane kilo na jikinsa cikin kowace kilomita, ban da abin da jiki ke ci ko yana zaune. A ce gonarsa tana da nisan kilomita 4, zuwa da dawowa 8. Kalori 240 ke nan. In hanyar duka rairayi ce mai zurfi, sai mu ninka da 2.1 zuwa 2.7, ya zama 500 zuwa 650. Ƙarin ya kama daga 260 zuwa wajen 400. Giram 100 na gero yana ɗauke da kalori wajen 360. Saboda haka rairayin nan yana cin gero giram 70 zuwa 110 kowace rana daga jikin mutum guda. Cikin kwana 100 na aikin damina, kilo 7 zuwa 11 ke nan, tiya 3 zuwa 4 in tiyar ta kilo biyu da rabi ce. Ba a sa nauyin garma ko buhun taki a kai ba tukuna.

Lalle ba kowace hanya ce rairayi tun daga ƙofar gida har gona ba, ruwan sama kuma ya kan danne shi ya yi dama-dama. Wannan lissafi na hanya mafi muni ne. Duk da haka ku tuna wane lokaci ne a ke wannan zirga-zirga. Lokacin noman fari ne da maimai, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tuwo ya ragu. Mutumin da ya isa gona ya riga ya gaji tun bai sunkuya ba, kada a yi saurin ce masa rago. Haka yaran da a ke aike da abincin gona da tsakar rana, da matan da ke zuwa rijiya sau uku ko huɗu a yini.

Abin Da Rairayi Ke Bayarwa

Kada a ɗauka rairayi mugu ne ga mai gudu. Duk lokacin da mai gudu ya dira, ƙafarsa tana karɓar nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku. Rairayi yana shanye wani kashi na dukan nan, yana kuma hana sauri, saboda haka zuciya da huhu suna aiki sosai alhali gaɓoɓi ba su sha duka ba. A 2008 an gwada 'yan ƙwallo a Italiya, rabinsu suna motsa jiki na tsalle-tsalle a rairayi, rabi a ciyawa, har mako huɗu. Na rairayi ba su yi tsamin jiki kamar na ciyawa ba.

Mu ma mun san wannan tun kaka da kakanni. Ba a kokawa a kan fako. A rairayi a ke yi, domin wanda aka kayar ya tashi da ƙafarsa. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke gasar takobi ta ƙasa tun 1975, rairayi su ke zubawa a fagen. Ku dubi cinyoyi da sha-raɓar 'yan kokawan Dosso, za ku ga aikin ƙasar da su ke takawa.

A Ostareliya an yi wani mai horad da 'yan tsere, Percy Cerutty, wanda ya riƙa sa yaransa hawan tuddan rairayi a guje a wani wuri mai suna Portsea. Ɗaya daga cikinsu, Herb Elliott, ya ci tseren mita 1,500 a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, cikin minti 3 da daƙiƙa 35.6, saurin da ba wanda ya taɓa yi a duniya kafin ranar. Amma ku lura, a rairayi ya nemi ƙarfi, ba a rairayi ya koyi sauri ba. Yana haɗawa da gudu a fili mai tauri. A Maroko kuma akwai tseren hamada da aka fara a 1986, na wajen kilomita 250 cikin kamar mako guda, kowa da guzurinsa a baya. Wani ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal, ya ci shi sau 10. Wanda ya tashi cikin rairayi ya san yadda a ke taka shi.

Abin Da Rairayi Ke Karɓa

Agarar nan da muka yaba, ita ce ta fi shan wuya a rairayi. Dunduniya tana nutsewa ƙasa fiye da yatsu, jijiyar tana miƙewa fiye da yadda ta saba, a kowane taku. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2008 a kan masu gudu 291 ya nuna masu gudu a rairayi sun fi kamuwa da ciwon agara nesa ba kusa ba, masu bin kwalta kuwa ciwon ya yi musu sauƙi. Alamarsa ita ce zafi a bayan dunduniya da sassafe, in an sauko daga gado. Wanda ya ji haka ya dakata da gudu, kada ya ce zai murje. Ciwon agara in ya zauna ya kan ɗauki watanni, damina kuwa ba ta jiran mai ɗingishi.

Sai targaɗe. Rairayi ya kan ɓoye rami, da kututturen kara, da dutse. Gangaren bakin gulbi ma, irin na Gulbin Zamfara wajen Jega in ruwa ya janye, yana sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya aiki. Masu ɗori na Aliero sun yi suna ko'ina, amma ba wanda ke marmarin a kai shi.

Maganar takalmi kuma. Samari suna son gudu ba takalmi a rairayi, su kan kuma kawo misalin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci dogon tseren Rum a 1960 ƙafa ba takalmi. Gaskiya ne ya yi. Amma titin Rum ba shi da tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa, ba kunama, ba fasasshiyar kwalba. Da bazara, wajen azahar, zafin saman rairayi ya kan wuce digiri 60, ya isa ya sa ƙafar yaro ta yi bororo. Inda rairayi ke da laima da inuwa kuma mutane na zagawa a wurin, nan tsutsar ciki mai shan jini ke ƙyanƙyashewa. Ta fatar ƙafa ta ke shiga, ta bar yaro fari fat ba jini. Mai ciwon sukari kuwa, ko tsakar gida kada ya taka ba takalmi, gama ƙaya za ta soke shi bai ji ba, gyambo ya biyo baya.

Kwalta Fa?

A kwalta da fako ne a ke sauri, domin ƙasa tana mayar wa ƙafa abin da ta ba ta. Manyan tsere duk a nan a ke yinsu, kamar na birnin Ikko mai kilomita 42 da aka soma a 2016. Mutane da yawa sun gaskata taurin kwalta ne ke lalata gwiwa. Abin bai kai yadda a ke faɗa ba. Jiki yana da wayo: in ƙasa ta yi tauri, mai gudu ya kan sassauta gwiwa da idon sawu ba tare da ya sani ba, in ta yi taushi ya ƙanƙame su. Abin da ya fi kawo ciwon ƙwauri, har da tsagewar ƙashi irin wadda ke samun sababbin kuratan soja, shi ne gaggawa. Yaro bai taɓa gudun kilomita 2 ba, ya ji saura mako uku a ɗauki soja, sai ya faɗa wa kilomita 10 kullum da silifa. Ƙashi yana ƙara ƙarfi in ana ba shi aiki, amma a hankali ya ke yi, ya fi tsoka da huhu nawa.

Babban haɗarin kwalta a wurinmu ba taurinta ba ne, mota ce. Hanyoyinmu ba su da wurin masu ƙafa, samari kuwa da asuba su ke fita, cikin duhu, wani lokaci cikin hazo. Wanda ya zama dole ya bi titi, ya bi hannun da zai fuskanci motar da ke zuwa, ya sa farar riga, kada a jeru uku-uku.

In an tambaye ni, ga abin da zan ce wa saurayi. Yawancin gudunka ka yi shi a hanyar ƙasa wadda ƙafa ta daɓe, ko ta marmara marar tsakuwa da yawa. 'Yan Kenya na garin Iten, da ke cin tseren duniya a kwalta, a jar ƙasa irin wannan su ke yawancin horonsu. Rairayi sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, ka fara da minti 10, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. A rairayi ka auna da agogo, kada ka auna da nisa, domin minti 20 a can ya fi minti 20 a fako nauyi. Ka gajarta taku, ka dira da tafin ƙafa gaba ɗaya, kada ka kafa yatsu kamar mai haƙa. In gwajin da za a yi maka a ƙasa mai tauri ne, to, makonni huɗu na ƙarshe ka saba da ita, da takalmin da za ka sa ran nan. Ka sha ruwa, ka gama kafin rana ta ɗaga.

Dabbobi Da Amalanke

Raƙumi ba ya wahala a rairayi domin tafinsa fai-fai ne mai taushi, yana bajewa in ya taka. Jaki da sa kuwa kofatonsu ƙanƙane ne, yana nutsewa. Taya ma haka. A hanya mai tauri, amalanke mai tayar roba da ya ɗauki kaya, duka-duka kilo 500, ƙarfin jan da ya ke bukata bai fi kamar na ɗaga kilo 15 zuwa 20 ba. A rairayi mai zurfi ya kan ninka sau biyar ko fiye, ya kai 100 har ya wuce, gama tayar kullum tana ƙoƙarin fita daga ramin da ita kanta ta haƙa. Shanun noma kuwa, abin da su ke iya ja na tsawon sa'o'i ba tare da sun galabaita ba, wajen kashi ɗaya ne cikin goma na nauyin jikinsu. Bijimai biyu masu kilo 300 kowanne, kilo 60 ke nan. Kun ga inda lissafin ya tsaya. Sa'ad da suka turje a tsakiyar burtali, ba taurin kai ba ne, bulala kuma ba za ta canja lissafin ba. Abin da za ta haifar shi ne miki a wuya da ramewa, ga huɗa na tafe.

Maganin a nan shi ne a yi lodi gwargwadon wuri mafi muni na hanyar, ba gwargwadon mafi kyau ba. Sawu biyu da rabin kaya ya fi sawu ɗaya da a ke sauke buhuna a tsakiyar hanya. Taya mai faɗi ta fi siririya. A rage mata iska kaɗan in za a shiga rairayi don ta baje kamar tafin raƙumi, a ƙara in an hau kwalta, in ba haka ba gefenta zai tsage. Masu keke da babur ma haka. Jigilar taki zuwa gona da kwasar albasa, a yi su da sassafe, ko bayan an yi yayyafi, lokacin da laima ta kama rairayin. Mai tafiya a ƙasa kuma ya bi sawun da aka riga aka taka, ko gefen hanya inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa.

Yawancin hanyoyin gonakinmu ba duka ne suka lalace ba. Wuri biyu ne ko uku, inda ruwa ke tara rairayi a gangare, kowanne bai fi taku 100 ko 200 ba, su ne ke hana amalanke ɗaukar cikakken kaya. Ƙungiya tana iya bin hanyar da ƙafa ta ƙidaya wuraren nan, ta nemi izinin mai gari da masu gonakin gefe, ta sa ranar gayya bayan an gama girbi. A kwashe sako-sakon rairayin sama, a zuba marmara kaurin kamar taƙi ɗaya, tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangare, a yayyafa ruwa a daɓe. A yanka wa ruwa hanya a gefen da ya fi tudu, in ba haka ba damina ɗaya za ta sake binne aikin. Sakatarorin ƙungiyoyin Cheberu, da na wajen Dalijan da Kambaza da Kalgo, su zo taro na gaba da ƙidayar wuraren da tsawon kowanne, da kuma inda marmara ta fi kusa da su.